Laump: Daga Ina Sunan Fitila Ya Shigo Harshen Plautdietsch?

A harshen Plautdietsch, fitilar da ake kunnawa a ɗaki sunanta Laump. Mace ce a nahawunsu, suna cewa de Laump. Gaɓa ɗaya ce tak, kuma duk wanda ya taɓa jin wani harshen Turai zai ce ai ya san ta. Mutumin Ingila da na Holan suna cewa lamp, Bajamushe Lampe, mutumin Polan da na Rasha lampa, mai Sifaniyanci lámpara, mai Fotugis lâmpada. To, a nan gizo ke saƙar. Masu Plautdietsch sun yi maƙwabtaka da kowace daga cikin waɗannan al'ummu, wata shekaru hamsin, wata shekaru ɗari biyu da ɗoriya, kuma babu wadda ba su ari kalmomi a wurinta ba. Idan kalma ta yi kama da ta maƙwabta bakwai, daga hannun wa aka karɓo ta, kuma yaushe? Abin da na gamsu da shi shi ne ba a Rasha suka samo ta ba, ba a Kanada ba, ba a Meziko ba. Da abarsu suka fito tun daga mazauninsu na bakin tekun Baltik, kuma hujjar tana cikin haruffan kalmar guda biyar.

Sai an san mutanen tukuna, domin hanyar da suka bi ita ce ta tara waɗanda ake zaton sun ba da aron. Plautdietsch harshen gida ne na wani reshe na Kiristocin da ake kira Mennonawa. Sunan ya fito daga Menno Simons, limamin cocin Katolika ɗan Friesland a arewacin Holan, wanda aka haifa a 1496, ya bar Katolika a 1536, ya rasu a 1561. Aƙidarsu ita ce ba a yi wa jariri baftisma sai mutum ya mallaki hankalinsa ya zaɓa da kansa, ba a rantsuwa, ba a ɗaukar makami. A Turai ta ƙarni na 16 wannan ya isa a kashe mutum. Tun daga shekarun 1530 suka riƙa gudu gabas, zuwa inda kogin Vistula yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku, tsakanin Danzig da Elbing da Marienburg, garuruwan da yau ake kira Gdańsk da Elbląg da Malbork a ƙasar Polan. Fadama ce, wani wurin ma ya fi teku ƙasa, su kuwa sun zo da sana'ar da aka san Holan da ita: gina ganuwar tare ruwa, haƙa magudanai, janye ruwa da injin iska. Masu ƙasa suka ƙyale su saboda amfanin da suke gani.

Sun haura shekaru 200 a wurin. A coci sun riƙe Holanci har cikin ƙarni na 18, sannan suka koma Jamusancin littafi. A gida da gona da kasuwa kuwa, karin da suka tarar a bakin manoman yankin suka ɗauka, wani reshe na Jamusancin arewa, na shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mara tuddai. Wannan karin ne, da burbushin Holanci a cikinsa, ya zama Plautdietsch.

Daga nan sai ƙaura bayan ƙaura. Da aka raba Polan a 1772, yawancin yankin ya faɗa hannun masarautar Prussia, wadda ba ta son mutanen da ba sa shiga soja su ci gaba da sayen gonaki. Sarauniya Katarina ta Biyu ta Rasha kuwa tana neman manoman da za su zauna a filayen kudu, sai aka yi musu alkawarin ƙasa da 'yancin addini da ɗauke musu aikin soja. A 1789 aka kafa mazaunin Chortitza a bakin kogin Dnieper, inda birnin Zaporizhzhia na Yukiren yake yanzu. A 1804 aka kafa na biyu, Molotschna. Da Rasha ta fara janye alkawarin soja a shekarun 1870, kimanin mutum 18,000 suka haye zuwa Manitoba ta Kanada da jihohin tsakiyar Amurka irin su Kansas da Nebraska. Da aka tilasta karatun Turanci a makarantunsu na Kanada, masu tsauri a cikinsu suka tafi Chihuahua ta Meziko a 1922 da Chaco ta Faragwai a 1927, daga baya Beliz a 1958, da Bolibiya. Na Rasha kuma, gwamnatin Stalin ta kwashe da yawansu zuwa Sibiriya da Kazakistan, jikokinsu suka koma Jamus, galibi daga ƙarshen shekarun 1980. Masu harshen a yau sun kai wajen dubu 400.

Tushen kalmar na farko babu jayayya a kansa. Tsohon Girkanci yana da aikatau lampo, wato haskakawa ko ƙyalli, daga shi aka samu suna lampas. Sai dai lampas ba fitilar mai ba ce a wurin mutanen Atina. Sandar wuta ce, itace mai ƙaro ko damin ƙirare da ake kunna wa kai a riƙe a hannu. Suna da gasar tsere a bukukuwan gumakansu, inda samari ke miƙa wa juna wannan sanda suna gudu daga bagaden Prometheus a bayan gari zuwa cikin birni, ƙungiyar da wutarta ta mutu a hanya ta faɗi ke nan. Ƙaramar fitilar yumɓu mai man zaitun da lagwani, wadda ke kowane gida, sunanta daban ne, lychnos. Romawa ma suna da tasu, lucerna. Da suka ari lampas, sai ta zama musu kalmar mawaƙa da ta shagali: wutar rakiyar amarya, hasken rana, hasken wata.

Coci ce ta yi yawancin aikin mayar da sandar wuta fitilar ɗaki. A Linjilar Matiyu, sura ta 25, akwai misalin 'yan mata goma da suka fita taryen ango, biyar sun tanadi mai, biyar ba su tanada ba. Kalmar da ke cikin Girkancin wurin jam'in lampas ce, kuma ga ta an haɗa ta da mai a fili. Fassarar Latin ta malamin coci Jerome, a ƙarshen ƙarni na 4, ba ta sauya kalmar ba, haka aka yi ta karanta ta a majami'un Turai tsawon ƙarnoni. A ginin cocin kansa ana rataye ƙoƙon gilashi ko na tagulla mai mai a gaban bagade, yana ci dare da rana, shi ma da wannan suna ake kiransa. A Latin na baya-baya siffar lampada ce ta zauna. Italiyanci da Fotugis suka gaje ta kusan yadda take, Sifaniyanci ya mayar da d zuwa r, Faransanci ya gutsure ta ta zama lampe. Daga Faransanci ta shiga Turanci wajen shekarar 1200, ta shiga Jamusanci a ƙarni na 13, ta kuma bayyana a Holanci da Jamusancin arewa da siffar lampe. Wannan Jamusancin arewa shi ne harshen ƙawancen 'yan kasuwa na Hanse, daga Lübeck har Danzig, kuma shi ne kakan Plautdietsch kai tsaye.

Ba fili ta tarar ba. A kudancin ƙasar Jamus akwai tsohuwar kalma Ampel, daga Latin ampulla, ƙaramar kwalba, wadda ita ce sunan fitilar ratayen coci. Martin Luther, a fassararsa ta Sabon Alkawari ta 1522, Lampe ya sa wa 'yan matan nan goma, kuma harshen littafi ya bi ta. Ampel ba ta mutu ba. Yau ita ce sunan fitilar ba da hannu a titunan Jamus, domin na farkon irinsu rataye su ake yi a tsakiyar mahaɗar hanya.

Yanzu a dubi kalmar daga ƙarshe, a fara da p. Tsakanin ƙarni na 6 da na 8, bisa ƙiyasin masana, wani sauyin furuci ya ratsa kudanci da tsakiyar ƙasar Jamus, ya mayar da p zuwa pf ko f, ya mayar da t zuwa ts ko s. Arewa bai kai ta ba. Shi ya sa Bajamushen littafi ke cewa Apfel ga tuffa, mai Plautdietsch yana cewa Aupel, wancan yana kiran ruwa Wasser, wannan Wota. Kalmomin da Jamusawa suka ara daga Romawa tun kafin sauyin, su ma ya haɗa da su: planta ta zama Pflanze, piper ta zama Pfeffer, campus ta zama Kampf. Plautdietsch ya riƙe p ɗinsu, yana cewa Plaunt ga shuka, Päpa ga barkono. To amma ga Lampe da p ɗinta garau har a Jamusancin littafi, babu wanda ya taɓa cewa Lampfe. Ma'ana ta iso bayan guguwar ta wuce. Wannan ya tabbatar da abin da rubuce-rubucen da aka samu suka nuna, cewa kalmar ba ta zamanin sojojin Rum ba ce, ta ƙarnonin da suka biyo baya ce. Mun samu iyakar farko ke nan.

Iyaka ta biyu tana cikin au, kuma nan ne abin ya fi daɗi. A tsohon Jamusancin arewa akwai gajeren wasalin a. A Plautdietsch wannan wasali ya miƙe ya zagaye, ya koma abin da ake rubutawa au. Wasu suna furta shi kamar tagwan wasalin au sosai, wasu kusa da buɗaɗɗen o, ya danganta da mazauni. Ba kalma ɗaya ko biyu ya taɓa ba, harshen ya share. Hand, hannu, ta zama Haunt. Land, ƙasa, ta zama Launt. Sand, yashi, ta zama Saunt. Mann, namiji, ta zama Maun. Lamm, ɗan tunkiya, ta zama Laum, wadda p kawai ya raba ta da fitila. Ƙananan kalmomin da ba a gama jimla ba tare da su ba, dat da wat, sun zama daut da waut. Sunan harshen ma bai tsira ba: Platt, shimfiɗaɗɗe, shi ne Plaut ɗin da ke cikin Plautdietsch. Duk wanda ya furta sunan harshen ya riga ya furta dokar da ta haifi Laump.

Dokar tana da togaciya, kuma togaciyar ce ke nuna cewa doka ce ta gaske, ba son ran marubuta ba. Idan baƙin da ke bin wasalin irin wanda ake furtawa da bayan harshe ne, kamar k ko ng ko ch mai kaushi, a ba ya motsi. Dare Nacht ne, yini Dach, rufin ɗaki Dak, mara lafiya krank, dogo lang. A Lampe kuwa m ne ke bin wasalin, baƙin leɓe, babu abin da zai tsare shi, dole ya bi ayarin Haunt da Launt.

Akwai wani abu kuma da ake yawan tsallakewa. Da tsohon a ya tashi daga gurbinsa, gurbin bai zauna fayau ba. Tsohon gajeren e ne ya gangaro ya cike shi: Bett, gado, ta zama Bad, helpen, taimako, ta zama halpen, shida kuma sass. Ke nan harshen bai taɓa rasa gajeren a ba. Da a ce manomin Chortitza ya fara jin lampa ne a bakin ɗan kasuwar Rasha, ko jikansa ya fara jin lamp a kantin Manitoba, babu abin da zai hana shi faɗin ta da a ɗinta, tun da sautin yana bakinsa kullum. Abin da ya sa ta fito da au shi ne tana cikin harshen tun lokacin da sauyin ke aiki.

Wasalin ƙarshe kuma, e na lampe, ya faɗi ne tare da 'yan'uwansa. Katte ta zama Kaut, kyanwa, plante ta zama Plaunt. A ɗauki lampe a bi da ita ta waɗannan ƙofofi biyu, abin da zai fito Laump ne, harafi da harafi, babu ragi babu ƙari.

Yaushe sauyin ya faru? Mazaunan nan biyu na Yukiren suna taimakawa. Chortitza da Molotschna sun bar Vistula a lokuta daban, daga ƙauyuka daban, kuma har yau ana gane karinsu. Ɗan Chortitza yana riƙe n a ƙarshen aikatau da jam'i, ɗan Molotschna yana yar da shi, saboda haka fitilu a bakin na farko Laumpen ne, a bakin na biyu Laumpe. Suna kuma bambanta a furucin u na Hus, gida. Amma a kan au bakinsu ɗaya. Abin da rassa biyu suka yi tarayya a kansa, alhali sun saɓa a wasu wuraren, mafi kusa ga hankali shi ne daga gindi suka ɗauko shi, wato tushensa yana can tun kafin 1789. Haka nan zuriyar da ta bar Rasha a shekarun 1870 ta ƙare a Meziko da Bolibiya, da zuriyar da ta zauna ta ƙare a Sibiriya, sun yi kusan ƙarni guda ba sa jin juna, amma kalma ɗaya suke kiran fitila da ita. Wannan kaɗai ya fitar da Turanci da Sifaniyanci da Fotugis daga lissafi.

Rashanci ya fi su wuyar kora, tun da duka rassan sun zauna a daular Rasha. Amma kama da wane ba ta wane. A dubi irin kalmomin da Plautdietsch ya ɗauko a can: Arbus, kankana, Bockelzhonn, tumatir, daga kalmar da asalinta gauta take nufi, Wrenikje, wani abinci na ƙullin fulawa da cuku a ciki, Borscht, miyar kabeji. Galibinsu sunayen abubuwan da suka tarar ne a sabuwar ƙasa. Fitila ba ta cikin wannan sahu, sun san ta tun a Danzig. Su Rashawan ma lampa aro ce a wurinsu daga yamma, tsohuwar tasu ita ce lampada, fitilar gaban hotunan coci, wadda suka karɓo daga Girkawa ta hanyar addini.

Polanci ya cancanci a yi masa adalci fiye da haka. Akwai kalmominsa a Plautdietsch tun zaman Vistula, kuma su ma wasalinsu na ƙarshe yana faɗuwa: błoto, taɓo, ta zama Blott, koza, akuya, ta zama Kos. Idan siffa kawai za a duba, lampa ta Polanci tana iya haifar da Laump. Abin da ya kayar da wannan zato shi ne kalmar tana cikin Jamusancin arewa tun kafin a haifi Menno Simons, kuma ga ta har yau a kare-karen Hamburg da Bremen, inda ake cewa Lamp, wuraren da Polanci bai taɓa zama harshen kasuwa ba. Ba a neman mai ba da aro ga abin da ke cikin gadon gida. Holanci kuwa ba shi da wata rigima: waɗanda suka zo daga Friesland da Flanders sun zo da kalmar a bakinsu, suka tarar da 'yar'uwarta a bakin maƙwabta, biyun suka zama ɗaya. Inda Holanci ya bar sawunsa a fili shi ne a kalmomi irin su vondoag, yau, da tachentich, tamanin.

Akwai ƙalubale guda da ya kamata a ɗauka da muhimmanci. Kowane yaron Mennonawa yana koyon Jamusancin littafi a makaranta da coci, yana jin Hand a can, Haunt a gida, har kunnensa ya saba da musayar. Irin wannan mutum yana iya ɗaukar sabuwar kalma daga littafi ya yi mata kwaskwarimar gida nan take, ba tare da ta shekara ɗari biyar a harshen ba. Saboda haka au shi kaɗai ba ya yanke hukunci. Yana yanke shi ne idan an haɗa shi da sauran shaidu: tsoffin rubuce-rubucen Jamusancin arewa, kare-karen 'yan'uwa, da haɗuwar rassan da suka rabu. Duk wanda ya gina asalin kalma a kan shaida ɗaya, ko da ya dace, sa'a ya yi, kuma wannan ne ya sa nake ganin ƙamusoshin da suke rubuta "daga Latin" su wuce ba su ba mai karatu haƙƙinsa. Tsakanin Latin da Laump akwai matakai uku ko huɗu, kuma kowanne yana da abin da yake faɗa.

Abin da ake kira da sunan kuwa ya sauya fiye da sunan. A gidan manomin Vistula hasken yau da kullum kyandir ne na kitse, wanda Plautdietsch ke kira Taulchlicht, daga Taulch, kitsen dabba, da Licht, haske. Licht ɗin nan ita ce 'yar gida, ba aro ba, kuma dangi ce ga lux da lucerna na Latin da lychnos na Girkanci. Laump ta lokacin ƙoƙo ce mai man tsirrai da lagwani a kwance, mai hayaƙi da ɗan haske ja. Man ma sunansa baƙo ne: Eelj, daga Latin oleum, daga sunan man zaitun a Girkanci, a ƙasar da zaitun ba ya fita. A shekarun 1780 Aimé Argand, mutumin Geneva, ya fito da lagwani mai zagaye da bututun gilashi wanda ke jan iska ta ciki da waje, wutar ta yi fari, hayaƙi ya ragu. A 1853 Ignacy Łukasiewicz, mai haɗa magunguna a Lviv, ya ƙera fitilar kananzir, har aka yi tiyata da haskenta a asibitin birnin a shekarar. Da rijiyoyin Baku suka bunƙasa, musamman bayan kafa kamfanin 'yan'uwa Nobel a 1879, kananzir ya yi araha a daular Rasha, ya shiga ƙauyuka. Kowane sabon abu ya zo, tsohon suna yake hawa kansa. Irin haka ta faru da tamu fitila, wadda a Larabci fatila lagwanin kawai take nufi, murɗaɗɗen zare, amma yau muna kiran ƙwan lantarki da ita ko zare babu.

Tsarin gidan Mennonawa ya sa wuta abar kiyayewa ce ƙwarai. Gida da garken dabbobi da rumbun ciyawa a ƙarƙashin rufi ɗaya suke, a jere, mutum yana fita daga ɗakin girki ya shiga wurin shanu ba tare da ya taka ƙanƙara ba. Har yanzu akwai irin waɗannan gidaje a ƙauyen Neubergthal na Manitoba. Fitilar babban ɗaki, Groote Stow, mai dogon gilashi ce, tana zaune a tebur ko a rataye, ba a yawo da ita. Kullum sai an zare gilashin an goge baƙin hayaƙi, an datse kan lagwani ya daidaita, domin lagwani mai karkace yana ba da harshen wuta mai ƙaho wanda ke baƙanta gilashi ko ya fasa shi. Wadda ake shiga garke da ita rufaffiya ce mai mariƙi. Sunan irinta a harsunan Turai, Laterne a Jamusanci, ya fito daga Latin lanterna, daga Girkanci lampter, ɗan ɗaki ɗaya da lampas.

Lantarki ya zo musu ta hanyoyi masu nisa da juna. A Yukiren, babbar madatsar Dnieper da gwamnatin Sobiyet ta buɗe a 1932 an gina ta ne a ƙofar Chortitza, ruwanta ya cinye tsohon ƙauyen Mennonawa na Einlage. A Manitoba wayar wuta ta isa yawancin gonaki bayan 1945. A Meziko kuwa shigowarta rigima ta zama, tare da tayar roba a tarakta da mota, har waɗanda suka ƙi suka riƙa ƙaura zuwa Bolibiya daga ƙarshen shekarun 1960. A mazaunai masu tsauri na yankin Santa Cruz har yanzu cocinsu ba ta yarda a ja wutar gwamnati cikin gida ba, fitilar kananzir ko ta gas ake kunnawa. Saboda haka a rana ɗaya ta wannan zamani, kalmar tana nufin abin da ake danna wa maɓalli a wani gida na Jamus, tana kuma nufin abin da ake ƙyasta wa ashana a wani gida na Bolibiya, kuma masu gidajen biyu suna iya zama zuriyar ƙauye ɗaya.

Saura tambaya guda: shi Girkanci daga ina ya samu lampo? Masana da yawa suna danganta ta da wani tushe na harsunan Indiya da Turai mai ma'anar ƙuna ko haske, suna kawo shaida daga Hittiyanci na tsohuwar Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, inda aikatau lap yake nufin yin jajur da wuta, da harshen Latbiya, inda lāpa take nufin sandar wuta. Akwai kuma shaida daga harshen Prussia na asali, na mutanen Baltik da suka riga Jamusawa zama a gabashin Vistula, kafin mayaƙan ƙungiyar Teuton ta Kiristocin Jamus su ci ƙasar daga shekarun 1230 su kafa Elbing a 1237. Harshen ya mutu wajen 1700, amma ya bar wa Plautdietsch 'yan kalmomi, kamar Mejal, yarinya, da Kujel, namijin alade. Ɗaya daga cikin 'yan takardun da suka rage nasa shi ne jerin kalmomi 802 da ake kira ƙamusun Elbing, wanda aka kwafa wajen shekarar 1400, kuma a ciki an fassara lopis da harshen wuta. Idan dangantakar ta tabbata, 'yar'uwar lampas ta jini tana bakin mutanen wannan fadama tun kafin ta aro ta iso ta hanyar Rum da Faransa da Lübeck. Masu ja da wannan ra'ayi suna kafa hujja da m ɗin tsakiya, wanda babu shi a Hittiyanci ko a harsunan Baltik, har wasunsu suna ganin Girkawa sun ari kalmar ne daga mutanen da suka tarar a ƙasar Girka. Masu goyon baya suna amsawa cewa cusa baƙin hanci a tsakiyar aikatau tsohuwar ɗabi'a ce ta wannan dangin harsuna, kamar yadda Latin ke da vinco, ina cin nasara, da n, amma vici, na ci nasara, babu shi. Ni na fi karkata ga na biyun, domin ma'anar ta zo ɗaya a rassa uku da ke nesa da juna, kuma a Latbiya ma sandar wuta ce, daidai da abin da lampas take nufi a Atina.